Gwajin ƙwayar halitta: yadda ake gano tsutsar da ke ɓoye a jikin kare

Yau maganar kare za mu yi. Mun san akwai wanda zai ce, duk abubuwan da suka dami talaka sai kare? To, a yi haƙuri a bi mu sannu. Karen da ke gadin garke, da mai bin mafarauci daji, da wanda ke kwance ƙarƙashin rumbu, a garuruwa da dama tafki ɗaya suke sha da mutane. Su ke cinye abin da mahauci ya jefar a bayan kwata, kuma inda yara ke wasan ƙasa nan suke kashi. Abin da ke cikin kare yakan zama matsalar gida gaba ɗaya.

Tun da daɗewa, idan likitan dabbobi na son ya san ko kare na ɗauke da tsutsa, kashinsa yake ɗiba ya jiƙa a ruwan gishiri ko na sukari, ƙwan tsutsar ya taso sama, ya ɗauka ya duba a madubin nan mai ƙara girman abu da ake kira mikroskop. In kuwa jini ake zargi, sai a shafa ɗigo ɗaya kan gilashi a sa masa launi a duba, kamar yadda ake yi wa mai zazzaɓin cizon sauro a likita. Wannan hanya tana da araha, kuma har gobe da ita ake yawancin aiki. Sai dai ido yana da iyaka. Wani lokaci ƙwan ya yi kaɗan har ba a gamuwa da shi. Wani lokaci kuma, wanda shi ya fi damuwa, ana ganin ƙwan sarai amma ba a iya cewa na wace tsutsa ne, don akwai tsutsotsin da ƙwansu ya yi kama da juna kamar an tsaga kara, alhali ɗaya ba ta cutar da mutum, ɗaya kuwa tana iya kai shi ɗakin tiyata.

Nan ne gwajin ƙwayar halitta ya shigo.

Yadda gwajin ke aiki

Kowane mai rai, mutum ne ko rago ko gero ko tsutsa, yana ɗauke da wani rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa wanda ya gada daga iyayensa. Masu Faransanci na ce masa ADN, masu Ingilishi na cewa DNA. Haruffa huɗu ne kacal a rubutun, amma yadda aka jera su ya bambanta daga wannan halitta zuwa waccan. Dattawa sun san lokacin da mutum ba ya bukatar ya faɗi garinsu, tsagar fuskarsa ta isa a ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare. Tsutsa ma tana da tata tsagar, sai dai a cikin wannan rubutu take, kuma ko guntun jikinta ko ƙwai ɗaya aka samu, tsagar na nan.

Matsalar ita ce abin ya yi ƙanƙanta. A cikin ɗan kashin kare akwai ADN na karen kansa, da na abincin da ya ci, da na ƙwayoyin cuta da na lafiya bila adadin. Na tsutsar da ake nema bai taka kara ya karya ba a tsakaninsu. Wani Ba'amurke masanin kimiyya mai suna Kary Mullis ne ya samo dabarar a 1983, kuma ta sa aka ba shi kyautar Nobel a 1993. Sunan dabarar PCR. Wanda ya yi tafiya ta filin jirgin Diori Hamani a lokacin korona ya san sunan, don shi ne gwajin da ake cusa wa mutum tsinke a hanci, kuma cibiyar CERMES ta Yamai ta yi wannan aiki sosai tun 2020. Na'urar GeneXpert da ake gwada majinar masu tarin fuka da ita a asibitoci, ita ma a kan wannan dabara take tafiya.

Mu ma'aikatan rediyo abin bai yi mana wuyar ganewa ba. Iska cike take da muryoyin tashoshi, amma in ka murɗa akwatinka ya tsaya kan mita ɗaya, tasha ɗaya za ka kama, sannan ka ƙara murya har maƙwabta su ji. A PCR ana zuba wasu ƴan guntayen ADN da aka ƙera musamman, waɗanda ba sa mannewa ko'ina sai a jikin rubutun tsutsar da ake nema. Wannan shi ne kama tasha. Ƙara murya kuwa aikin na'ura ne. Tana zafafa ɗan ruwan zuwa wajen digiri 95 igiyar ADN ta rabu biyu, ta sanyaya shi guntayen su manne, ta sake ɗumama shi zuwa wajen digiri 72 wani sinadari ya kwafi wurin. Ɗaya ya zama biyu. A sake, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Ku ɗauki ƙwayar gero ɗaya ku yi ta ninkawa a lissafi, da zarar ninki na talatin ya cika kun haura miliyar guda, wato miliyan dubu. Na'urar kan yi zagaye talatin zuwa arba'in cikin ƴan awoyi. Idan tsutsar na nan, alamarta za ta fito ƙarara. Idan babu abin da guntayen za su kama, shiru za a ji.

Abin mamaki, sinadarin da ke yin kwafin daga wata ƙwayar halitta aka samo shi da ke rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka, shi ya sa tafasar na'urar ba ta lalata shi. Ikon Allah ke nan.

Bayan an ninka, ana iya wucewa gaba a karanta haruffan ɗaya bayan ɗaya a gwada su da na tsutsotsin da aka riga aka sani. A nan ne ake samun cikakken suna, har ma a gane dangantaka tsakanin tsutsar da aka cire a wannan gari da wadda aka cire a wancan.

Kurkunu ya koma jikin karnuka

Ƴan ƙasa da shekara ashirin ƙila ba su taɓa ganin kurkunu ba, amma iyayensu sun san shi. Mutum ya sha ruwan tafki mai ɗauke da wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa da suka haɗiye ƴaƴan tsutsar. Ba zai ji komai ba sai bayan wata goma zuwa goma sha huɗu, ƙafa ta yi bororo mai zafi kamar wuta, ta fashe, farar tsutsa mai kama da zare ta leƙo. Tsawonta na iya kai mita guda. Ba allurar riga-kafi, ba maganin sha, sai dai a dinga naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, kwanaki ko makonni. In zafi ya ishi mai ciwon ya tsoma ƙafar a tafki don ya ji sanyi, tsutsar ta zuba dubban ƴaƴanta a ruwan, shekara mai zuwa wasu su kwanta. A ƙasashenmu na Sahel da damina yake fitowa, daidai lokacin da ake bukatar kowane hannu a gona. Dogon na Mali ciwon rumbu wayam suke ce masa, kuma duk manomi ya san dalili.

A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ne ke kamuwa da shi a shekara, a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. A shekarar ce cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta sa hannu a yaƙin, daga baya Janar Yakubu Gowon a Najeriya da Janar Amadou Toumani Touré a Mali suka yi ta yawon ƙauyuka a kan maganar. A nan Nijar, ƙidayar da aka yi a 1991 ta gano sama da mutum dubu talatin, kuma jahar Damagaram, musamman wajejen Mirya, na cikin inda ya fi tsanani. Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwo shiga tafki aka ci ƙarfinsa. A watan Disamba na 2013 hukumar lafiya ta duniya OMS ta ba Nijar da Najeriya shaidar rabuwa da kurkunu. A duniya baki ɗaya, mutum 13 kawai aka samu da shi a 2022, sai 14 a 2023. Cuta ɗaya tak ta ɗan Adam aka taɓa kawarwa daga doron ƙasa, ita ce agana a 1980, sai bushiya ta shanu a 2011. Kowa ya sa ran kurkunu ne zai biyo baya.

Sai labari ya fito daga maƙwabciyarmu Cadi. Bayan kimanin shekara goma ba a ba da rahoton kowa ba, a 2010 aka sake ganin masu kurkunu. Abin ya ɗaure wa ma'aikata kai, don ba irin yadda aka saba ba ne. Da can gari guda ke kwanciya saboda tafki guda. Yanzu kuwa mutum ɗaya a nan, ɗaya a can, garuruwan ba su haɗa ruwan sha ba. A 2012 aka fara lura da farar tsutsa na fita daga ƙafafun karnuka a ƙauyukan masunta da ke bakin kogin Shari. Karnuka 27 aka ƙirga a shekarar. A 2016 sun haura dubu, a 2019 sun kusa dubu biyu.

Tambayar da kowa ya yi ita ce, wannan tsutsa ta karnuka, kurkunun mutane ce, ko wata ƴar uwarta ce ta dabbobi? Ba tambayar banza ba ce, don kurkunu na da dangi a jikin namun daji da macizai a wasu sassan duniya, kuma matan waɗannan tsutsotsi sun yi kama da juna ƙwarai ko a ƙarƙashin mikroskop. In ta dabbobi ce kawai, to ba ruwan masu yaƙi da kurkunu da ita. In kuwa ita ce dai tamu, to an samu wata maɓoya da ba a taɓa sa ta a lissafi ba. Aka dinga sa tsutsotsin cikin kwalabe da alkol ana aika su ɗakin binciken hukumar CDC da ke Atlanta a Amurka, wadda a lokacin take aiki da OMS a kan wannan cuta. Da aka karanta ADN ɗinsu, amsa ta fito: ta kare da ta mutum abu ɗaya ne. Binciken da aka buga a 2018 da 2021 ya ƙara zurfafawa, ya nuna tsutsotsin sun fi rabuwa bisa ƙasar da suka fito, na Cadi daban, na Mali daban, na Habasha daban. A cikin ƙasa ɗaya kuwa, babu wani gida na karnuka daban da na mutane. Zuri'a ɗaya ce ke yawo tsakaninsu.

Wannan amsa ta sauya aikin gaba ɗaya. Aka koma neman yadda kare ke kamuwa, kuma zargi mafi ƙarfi ya faɗa kan kayan cikin kifi da masunta ke zubarwa ɗanye a bakin ruwa, da ƙananan kifaye da kwaɗi waɗanda suka haɗiye ƙwarin ruwan. Aka shiga roƙon jama'a su dinga binne kayan cikin kifi, ana zuba maganin Abate a tafkuna, ana ba da tukuici ga wanda ya kai rahoto, sannan ana ɗaure karnuka a lokacin da tsutsar ta fi fita don kada su shiga ruwa. Daga 2020 aka faɗaɗa ɗaurin har ga karnukan da ba a ga komai a jikinsu ba a ƙauyukan da abin ya yi yawa, kuma adadin ya sauko zuwa ɗaruruwa cikin ƴan shekaru. An samu irin wannan a karnukan Mali, da na arewacin Kamaru a bakin kogin Logon, da Angola, da Habasha inda har gwaggon biri aka samu da ita. OMS ta ɗaga wa'adin kawar da cutar zuwa 2030, kuma yanzu ba a cewa ƙasa ta rabu da kurkunu sai an duba har dabbobinta.

Me ya kawo mu ciki, mu da muka karɓi shaida tun 2013? Kogin Shari a Tafkin Cadi yake zuba, jahar Difa kuma a bakin tafkin take. Ƴan uwanmu Hausawa masunta da ƴan kasuwar kifi suna kai da kawowa a wannan yanki tun kaka da kakanni, makiyaya ma haka, da karnukansu a biye. Shaidar OMS ba katanga ba ce. Kuma ga wani abu da ya kamata a sani: har yanzu babu wani tabbataccen gwaji da ake amfani da shi a fili wanda zai nuna kare na ɗauke da kurkunu kafin tsutsar ta leƙo. Kare na iya yin shekara guda yana yawo da ita lafiya lau. Gwajin ADN na tabbatar da sunanta ne bayan ta fito, kuma wannan ma babban aiki ne, don ba kowane farin zare da ya fito daga gyambo ne kurkunu ba. Akwai wasu tsutsotsin da kan fito ta fata su yi kama da shi.

Tsilar kare da hantar ragon layya

Misali na biyu ya fi kusa da tukunyarmu. Duk wanda ya taɓa fiɗa ya san wani lokaci akan tarar da ƙullutu mai ruwa a jikin hanta ko huhun tunkiya, akuya, saniya ko raƙumi. Abin da aka saba yi shi ne a yanke wurin a wurga wa kare. To, a cikin irin wannan ƙullutu akwai wanda ke ɗauke da dubban kawunan wata tsila da masana ke kira Ekinokokus. In kare ya ci, su manne a hanjinsa, cikin kamar mako shida su girma su fara zuba ƙwai a kashinsa. Ƴar ƙarama ce, ba ta wuce milimita shida ko bakwai ba, kuma karen ba ya nuna alamar ciwo ko da dubbai ne a cikinsa. Ƙwan ya zube a ciyawa, tumaki su ci, ƙullutu ya sake fitowa a hantarsu.

Mutum na shiga wannan zagaye ne ta hanyar ƙwan da ke kashin kare. Yaro ya shafa gashin kare ya sa hannu a baki, ko a ci ganye ɗanye da bai wanku ba, ko a sha ruwan da kashin ya gangara ciki. Sai ƙullutun ya tsiro a hantar mutum ko huhunsa, yana girma a hankali shekara da shekaru ba a sani ba, har ranar da ciki ya fara ciwo ko tari ya ƙi jin magani. Akan gano shi da na'urar duba ciki irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, maganinsa kuma yakan kai ga tiyata ko shan albendazol na watanni. In ya fashe a ciki yana iya kisa. OMS ta ce a kowane lokaci sama da mutum miliyan ɗaya ne ke ɗauke da wannan ciwo a duniya. An san shi sosai a Maroko, Aljeriya, Tunisiya da Libiya, da yankin Turkana na Kenya, duk wuraren da kiwo da karnuka da yanka a gida suka haɗu. Mu ma ai haka muke.

A lura da wannan da kyau, don mutane na juya maganar: cin naman dabbar ba shi ke sa wa mutum wannan ciwo ba. Kare ne ke kamuwa ta nama, mutum kuma ta kashin kare.

To ga inda mikroskop ke gazawa. Kare na ɗaukar wasu tsiloli dabam. Akwai wadda ke sa ƴar jakar ruwa mai reto a jikin kitsen cikin tunkiya, wadda ba a san ta da cutar da mutum ba. Akwai wadda ƙullutunta ke zama a ƙwaƙwalwar tunkiya ya sa ta dinga juyawa wuri ɗaya har ta mutu, makiyaya sun san wannan. Ƙwan waɗannan duka, da na Ekinokokus, kamarsu ɗaya. Ƙwararren da ya shekara talatin yana duba mikroskop ba zai iya raba su ba. Da can sai a ɗura wa kare wani maganin zawo mai ƙarfi a tsaya a tona abin da ya fitar ana neman tsutsar, aikin ƙazanta mai hatsari ga mai yinsa, kuma ba kowane kare maganin ke kamawa ba. Yanzu ana iya tsintar kashin a ƙasa ba tare da an taɓa karen ba, a sa a kwalba da alkol, a kai ɗakin bincike. Can sukan fara daskarar da shi a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili na wasu kwanaki don ƙwan ya mutu kada ma'aikaci ya kamu, sannan a yi PCR.

Gwajin ya kuma tona cewa abin da ake ɗauka tsila ɗaya ce, ashe gida-gida ce. Akwai wadda ta fi bin tumaki, ita ce ta fi yawan kama mutane a duniya. Akwai wadda ta fi bin raƙuma da awaki, akwai ta shanu. Ga ƙasa irin tamu, inda Azawak da Damargu ke cike da raƙuma, kudu kuma tumaki da jajayen awakin Maraɗi, sanin wadda ke yawo a wane yanki shi zai nuna wa ma'aikatan kiwo inda za su fi sa ido. A ganinmu wannan bincike ne da ya cancanci ɗaliban jami'o'inmu su sa ƙarfi a kai.

Haka abin yake ga cututtukan jini, a taƙaice. Kaska na sa wa kare wasu ƙwayoyi da ke fasa jini, kare ya rame, dasashinsa ya yi fari, fitsari ya yi ja. Sauro na sa masa wata tsutsa da ke zama a zuciya da jijiyoyin huhu. Wani ɗan ƙaramin ƙuda mai cizo da dare na ɗaukar ciwon leshmaniya, wanda a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum karnuka ne babbar maɓoyarsa, kuma yana kama yara ya kumbura musu saifa. Duk waɗannan, idan sun yi kaɗan a jini gilashi na iya kuskure su, PCR kuwa yakan kama.

Kada a ɗauka gwajin ba ya kuskure. Tsila ba kullum take zuba ƙwai ba, saboda haka kashin yau na iya fitowa babu komai alhali karen na ɗauke da ita. A cikin kashi akwai sinadaran da ke hana ninkin tafiya, su sa a ji shiru na ƙarya. Ƙarfin gwajin ma yakan zame masa matsala, don ɗan ƙurar ADN da ta tsallako daga wata kwalba ta isa ta sa a ce akwai alhali babu. Ba ya bambanta tsutsa mai rai da matacciya. Kuma abin da aka tambaye shi kawai yake amsawa: in guntayen tsila aka zuba, ba zai ce komai a kan kurkunu ba, kamar dai akwatin da aka tsayar kan mita ɗaya.

Sai maganar kuɗi da wuta. Na'urar na da tsada, sinadaran daga waje ake sayo su, suna son firigo, kuma in lantarki ya ɗauke a tsakiyar aiki an yi asara. A ƙasarmu irin wannan aiki na manyan ɗakunan bincike ne kamar CERMES da LABOCEL, ɗakin binciken kiwo na ƙasa da ke Yamai. Ba abu ne da mafarauci zai ja karensa zuwa ofishin kiwo na gunduma ya ce a yi masa ba. Akwai wata dabara mai sauƙi da Japanawa suka fito da ita a 2000, ana ce mata LAMP. Ita zafi ɗaya take so, wajen digiri 60 zuwa 65, ba hawa da sauka, cikin awa guda ruwan kwalbar ya sauya launi a gani da ido. Masu bincike sun gwada ta a kan tsilar kare, kuma irinta ce za ta fi dacewa da wurin da batir da hasken rana ne abin dogaro.

Gaskiyar magana, ba sai an gwada kowane kare ba. Amfanin gwajin shi ne a ɗebi kashin karnuka ɗari ko ɗari biyu a yanki guda a san abin da ke yawo, a ba da magani, a dawo bayan shekara a ga ko ya ragu. Maganin tsilar kare kuwa sananne ne, firazikwantel, shi ne dai wanda ake raba wa yaran makaranta saboda tsargiya, amma awon na kare daban ne kuma likitan dabbobi ne zai faɗa. Inda ake yaƙin da gaske, duk mako shida ake ba kare, don a riga tsilar kafin ta fara ƙwai. Maganin na kashe tsutsar amma ba ya kashe ƙwan, saboda haka a ɗaure karen kwana biyu ko uku bayan ya sha, a tattara kashinsa a ƙone ko a binne. Da irin wannan, da hana karnuka kayan ciki, tsibirin Aisland da ƙasar Niyu Zilan suka rabu da ciwon, tun kafin na'urorin nan su yaɗu.

A kwatar gwamnati akwai ma'aikacin da ke duba nama ya ƙwace abin da ya lalace. Ranar Babbar Sallah kuwa kowane gida kwata ne, kuma babu mai dubawa sai mai gida da mahaucin da ya kira. Ƴan uwa na waje da ke aiko da kuɗin rago, in kun bugo waya barka da sallah ku haɗa da wannan saƙo: hanta ko huhun da aka ga ƙullutun ruwa a jiki, kada a fasa shi, kada a wurga wa kare, kada a jefa a juji. A haƙa rami mai zurfi da kare ba zai tona ba a binne, ko a ƙone. Yara su wanke hannu da sabuni bayan wasa da kare, kafin su zauna gaban akushi.

Masunta kuma, da masu sayar da kifi a bakin tafki da madatsun ruwa, a binne kayan cikin kifi. Wanda ya ga farin zare na fita daga ƙafar karensa ko wani wuri a jikinsa, musamman karen da ya yi tafiya wajejen Tafkin Cadi, kada ya fizge ya yar. A ɗaure karen nesa da tafki da rijiya, a dinga kai masa ruwa inda yake, ruwan da ya rage a zubar a busasshiyar ƙasa. A sanar da mai gari da ma'aikacin likita ko na kiwo mafi kusa a ranar, su ne za su cire tsutsar su sa ta a kwalba da alkol, da sunan gari da kwanan wata a jiki, ta kama hanyar ɗakin bincike.